Ƙaton Ekaran Mai Ƙanƙanen Rubutu

Ƙarar farce ce a kan gilashi. Ƙis, ƙis, ƙis, sai ta tsaya, sai ta sake. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakina bayan la'asar ina ɗinkin hula, na ɗauka kaza ce ta samu faranti tana tsattsaga. Da na kasa kunne sai na ji daga salo take fitowa, ɗakin da muke saukar baƙi, inda maigida ya ajiye ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta.

Na soke allura a jikin hular na je na leƙa. Ɗiyata ce ta fari. Ta durƙusa a kan kujera, fuskarta dab da ekaran, gilashin da rubutu ke fitowa, har numfashinta ya yi mashi gumi. Tana bin layin rubutu da farce yadda take bin allo da tsinke a makarantar malam. Ta kanne idon hagu, na dama kuma yana zubar da ruwa. Ba kuka take ba. Ruwan ne kawai ke gangarowa har haɓa, ita ba ta ma san yana yi ba.

Na dafa ƙyaure.

Na san wannan zaman. Ina budurwa na gan shi a Adjekoria, a tsakar gidanmu, lokacin da Inna, mahaifiyata, ta fara matso da faifai kusa da fuskarta in tana tsintar tsakuwa a gero. Tun muna yi mata dariya muna cewa za ta shaƙi dusa, har ta fara tuntuɓe da turmin da ya shekara goma a wuri guda. Da aka kai ta Maradi aka ce ruwan ido ne ya hau ya danne jijiya, kuma an makara. A ranar na ji lokotoro, wato likita, ya faɗi wata magana da ta zauna mani a ƙirji kamar dutse: ya ce ciwon yana bin jini. Yanzu Inna a gidana take, a Dakoro. Daga ɗakinta zuwa randa akwai wani dogon layi mai maiƙo a jikin bango, sawun yatsunta ne.

Wata uwar da sai ta shiga ta kama fuskar ɗiyarta ta ce, "Mi ke damun idonki?" Ni ban iya ba. A gidanmu ba a kallon ɗan fari ido cikin ido, ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Na yi lakwal, makarantar boko, har ajin ƙarshe na kwalej, na san ƙawayena da yawa sun yar da wannan kunya, suna goya ƴaƴansu na fari suna yi masu waƙa a gaban surukai. Ni harshena bai taɓa koyo ba. Ga kuma abin da aka raine mu a kai, cewa ba a ambaton mugun ciwo a kan yaro, kada baki ya kira shi. Saboda haka abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Ke, tashi ki ɗebo mani ruwa."

Ta goge fuska da gefen ɗankwali ta wuce ni. Na bi bayanta da kallo, ina duba ko za ta yi karo da wani abu.

Shi ordinatar ɗin tsoho ne, maigida ya saye shi a Maradi don aikin kasuwancinsa. Hatsi yake kaiwa Nijeriya, gero da wake, ya dawo da kaya. Da ɗiyar ta kai ajin jarrabawar shiga kwalej, mushensu, wato malamin ajinsu, ya zuba wa iyaye darussa a cikin ɗan kile ɗin nan da ake soka wa ordinatar, sai ta zama ita ta fi kowa zama gabansa. Da farko wani ɗan ƙaramin ekaran ne mai kauri ya zo da shi, gefensa duk ya yi ja don tsufa. Wata rana a bazara kuran, wutar lantarki, ya ɗauke, ya dawo da ƙarfi, muka ji ƙauri, shi ke nan ya mutu.

Bayan tafiya ɗaya maigida ya dawo da wani ƙaton kwali, mutum biyu suka shigo da shi. Pus, wato inci, talatin da biyu, in ji shi, kuma irin wanda ya fi kowane fitar da hoto. Wani abokinsa ma'aikacin biro, wato ofis, ya zo ya haɗa, ya sa hoton masallacin Madina. Wallahi har zaren darduma kana gani. Matan maƙwabta suka shigo suna salati. Maigida ya tsaya a tsakar salo ya ce:

"An saita shi a kan ƙarshen kyau. Kada wanda ya taɓa komi. Ku kunna, ku kashe, iyakar ku ke nan."

Ni dai tsakanina da shi goge ƙura ne da lulluɓa mashi zanen da na yi wa ado. Ban taɓa zama gabansa na karanta ko layi ɗaya ba. Kuma ko a mafarki ban haɗa idon yarinya da shi ba. Wa zai zargi abu mai wannan girma da matse wa mutum gani? A tunanina in ma da laifi, ai tsohon ƙaramin ne ya kamata ya yi.

Daga ranar na shiga gwada ta a ɓoye. Na miƙa mata allura na ce idona ya gaji, ta zura mani zare. Ta zura tashi ɗaya. Na ji sanyi, sai zuciya ta ce ai wannan na kusa ne. Na aike ta bakin zaure ta gano mani ko mai nono ce ke tahowa can ƙarshen layi. Ta dawo ta ce ba ita ba ce, mai tallan gyaɗa ce. Na fita da kaina na duba, mai gyaɗar ce. Na tuna ciwon Inna daga gefe ya fara ci, sai wata rana tana wanke-wanke na tsaya a gefenta ina ɗaga hannu a hankali ina saukewa. Ta juyo ta ce:

"Mama, ƙuda ne?"

Na ce, "Ƙuda ne. Yi aikinki."

Duk gwajin da ta ci, sai in samu sauƙi na yini guda. Da ta dawo daga lakwal ta zauna gaban ordinatar, sai in ga wuyan nan ya miƙe gaba, ruwan ya fara. Ta koma ɗaure ɗankwali tamau a goshi kamar mai surfe, na gane kanta ke ciwo. Na ɗauko kwalli na bi yaran gidan duka na rambaɗa masu, har da ɗan autan da bai san abin da ake ba, don kada a gane ita nake nufi. Haka na yi da ruwan zamzam ɗin da nake ɓoyo, kowa na shafa mashi a fuska, ita na bari ƙarshe na daɗe kaɗan. A sujada kuwa ba ni da kunyar kowa. Can nake kiran sunanta cikakke, in ce ya Allah, in dole sai ciwon nan ya ci wani a zuriyar Inna, ga ni, na riga na ga duniya. Sai in yi istigfari, don na san ba a yi wa Ubangiji ciniki.

Abinci ya daina shiga. In na ga makaho a bakin masallacin Juma'a sai in kau da kai, sannan in ji kunyar Allah in koma in ba shi sadaka. In ta yi dariya da ƙannenta sai in ce a raina, ki kalle su da kyau.

Wata ranar asabar ta ce ba za ta yi darasin ordinatar ba, za ta yi na kaye, littafin rubutunta. Babanta na nan. Ya ɗaga murya:

"Na sawo maki abin da ko a biron manya babu irin shi, ki ce mani kaye? Lalaci ne ya fara shigar ki. Tashi ki tahi."

Ta sunkuyar da kai ta tafi. Ina durƙushe gaban murhu, na bar hayaƙi ya ɗauki laifin idona.

Inna ce ta kama ni. Wanda ba ya gani ba a ɓoye mashi komai. Na kai mata fura da hantsi, ta riƙe wuyan hannuna maimakon kwanon.

"Kwana biyu takunki ya sake," in ji ta. "Kina yawo cikin gida kamar mai neman abin da ya ɓace. Kuma kullum sai na ji warin kwalli. Wa ke ciwon ido?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ɗaga murya ta kira jikarta: "Ƙawata! Zo nan in ga ko kin fi ni kyau yau."

Yarinyar ta zo tana dariya ta ce, "Kaka, ai kullum na fi ki."

"Ja can, mai wuya kamar na zalɓe."

Ta kama fuskarta da hannu biyu, ta bi girarta da babban yatsa, ta danna fatar idon a hankali kamar mai taɓa tumatir a kasuwa. Ta daɗe. Sannan ta sake ta ta ce ta je ta yi wasa. Da takun ya yi nisa, murmushin ya bar fuskar Inna.

"Ni hannuna ba lokotoro ba ne. Ke kina da kunyarta, ni ba ni da ita. Ni an ce a bari a cire gyaɗa kafin a kai ni Maradi, aka cire aka ce a bari ta yi daraja. Ga ni nan."

Tsakanin Inna da maigida akwai kunyar surukai, gaisuwa ce kawai daga nesa, shi a tsugune ita ta juya kai. Da ya shigo cin abincin rana sai ta zauna a bakin ƙofarta ta fuskanci bango, ta yi magana da ƙarfi kamar da itacen dalbejiyar tsakar gida take:

"Ko akwai mai ji a gidan nan, ko babu, ni dai na hwaɗa. Idon ƙawata na zubar da ruwa. A kai ta Maradi. Ba bayan kasuwa ba, ba bayan jarrabawa ba."

Na ji cokali ya tsaya a cikin kwano. Can sai ya ce, shi ma ga itacen, "An ji. Gobe in Allah ya kai mu."

Da ya same ni a ɗaki fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce an kwana biyu. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya dubi layin yatsun nan na jikin bango ta ƙofa, ya rufe.

Bayan sallar asuba muka shiga mato. Yarinyar tana jikin taga, ni a tsakiya. Ban iya kallonta kai tsaye ba, sai ta gilashin tagar nake satar fuskarta. Tana ta lissafa abin da take gani, raƙuma, rumbuna, wata mata da tulu biyu a kan jaki. Ni kuwa ina ta Hasbunallahu, tazbaha ta jiƙe a hannuna. Hanyar Maradi ba ta taɓa yi mani gajarta irin ta ranar ba. So nake kada mu isa, don muddin muna hanya ba wanda ya faɗi komai tukuna.

A gidan likitan ido benci cike yake da tsofaffi, kowa da mai ja mashi sanda, wasu da auduga manne a ido. Warin wurin bai sake ba tun zuwanmu da Inna. Ɗiyata ta matso ta raɗa mani, "Mama, ni ma za a rufe mani ido haka?" Na ce, "Rufe mani baki." Da kaushi ya fito, alhali so nake in rungume ta.

Lokotoron mace ce, mai furfura a gaban ɗankwali, ba ta da gaggawa. Ta zaunar da ita nesa da wani allo mai alamu, manya a sama, suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Ta rufe mata ido ɗaya. Yarinya ta bi su har layin da ni ban gani sosai ba. Aka sauya ido, haka. Ta ɗiga mata magani, ta sa haɓarta a kan wani ƙarfe, ta haska mata fitila, ta auna ruwan idon. Duk wannan ina tsaye, na manta akwai kujera. Sai lokotoron ta ja kujerarta kusa da yarinyar ta ce:

"To ɗiyata, gaya mani. Yaushe ruwan ke zuba?"

"In ina karatu a ekaran ɗin Baba."

"In kina karatun kaye fa? Ko allon lakwal?"

"Ba ya yi."

"Tun yaushe ya fara?"

"Tun da aka kawo sabon. Rubutun shi ƙanana ne, kamar ƙwan tururuwa."

Maigida ya zabura. "Ƙanana? Abin da ya kusa kai faɗin ƙofa?"

"Shi babba ne, Baba. Rubutun ne ƙarami. Na tsohon ya fi girma."

"To mi ya hana ki hwaɗi?"

Ta dubi yatsun ƙafarta. "Ka ce kada a taɓa komi."

Lokotoro ta cire madubin idonta ta goge. Ta ce ba ta ga alamar ciwon kakarta ba, ruwan idon daidai yake, jijiya lafiya. Ta ce ido ne ya gaji, don mai ƙura wa ƙanƙanen rubutu ido yana manta ƙiftawa, idon ya bushe, ya yi ta kiran hawaye. Ta ce ekaran ya kasance nesa da ita tsawon hannunta in ta miƙe shi, bakinsa na sama daidai da idonta, kada ya fuskanci taga, rubutu kuma ya kai girman da za ta karanta bayanta na jingine. Kuma jifa-jifa ta ɗaga kai ta kalli wani abu mai nisa.

Na fara Alhamdulillahi, sai ta ɗaga mani hannu.

"Madam, ban ce an gama ba. Ku gyara wannan tukuna. In an gyara ta ci gaba da matsawa, ko ruwan bai tsaya ba, ku dawo da ita da wuri, akwai awon da ba a nan ake yin shi ba. Ke ma da kike ɗiyar mai ciwon, ki riƙa zuwa duk shekara."

Nawa ban ko saurara ba. Wannan "in" ɗin nata shi na ɗauko na fito da shi.

Daga nan muka wuce wani butik kusa da babbar kasuwa inda ake sayar da kayan ordinatar. Mai butik ɗin dattijo ne mai son zance. Maigida ya nuna mashi hoton kwalin namu a waya. Ya ce, "A'a, Alhaji, ai kai katar-ka ka sawo. Wannan na masu aikin hoto ne." Ya ce kowane ekaran ɗige-ɗige ne ƙanana jere, su ake ce ma piksel, yawansu kuma shi ne rezolisiyo. Namu yana da su ninki huɗu na wanda aka saba. Ya ce in ba a gaya wa ordinatar ya ƙara ba, kowane harafi da adadin ɗigon da ya saba zai zana shi, in ɗigon ya yi ƙanƙanta sai harafin ya tsuke.

Maigida ya ce bai gane ba, babba ai babba ne. Ni kuwa na gane tun bai rufe baki ba, don abin da hannuna ke yi ke nan kullum. A ɗinkin hula zaren ƙyalle ake ƙirgawa. Zane guda, ƙirga guda, in ka yi shi a kan ƙyalle mai manyan idanu sai ya fito ɓaro-ɓaro, in ka yi shi a kan mai laushin saƙa sai ya fito ɗan mitsitsi, komai faɗin ƙyallen. Na faɗa a hankali, ga maigida. Mai butik ya tafa hannu ya ce, "Hajiya ta gama magana. Ni da na yi shekaru ina fama da bayanin nan."

Ya ce gaskiya ba dole sai mun sayi wani ba, akwai inda ake shiga a ƙara wa rubutu girma. Ya kunna irin namu ya nuna, rubutu ya taso. Maigida ya washe baki. Sai aka zaunar da yarinya gabansa, ta miƙe hannu yadda lokotoro ta ce. Ta fara karatu, kanta na tafiya daga wannan gefe zuwa wancan kamar mai kallon kokawa, ga shi sai ta ɗaga haɓa kafin ta ga layin sama. Mai butik ya ce irin wannan sai an ja baya sosai, ya tambayi faɗin teburinmu. Teburinmu siriri ne, jingine da bango, in an ja kujera baya ta tare ƙofa.

"A gwada mata matsakaici," in ji shi.

Maigida ya ɓata rai. "Duk unguwa an shigo an gani. Gobe a tarar da ɗan ƙarami, a ce kasuwa ta juya mani baya."

"Alhaji, hular kanka daidai kanka ka saye ta ko daidai idon maƙwabta?"

"Kai dai so kake ka sayar."

"Wallahi da so nake in sayar, da wanda ya fi naka zan nuna maka, ga shi can, sai an cire ƙyaure zai shiga."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ji bakina ya ce, a gaban baƙo, a gaban mijina, "A bari ita ta zaɓa. Idonta ne." Maigida ya dube ni, don bai saba ba.

Aka jera guda uku a kan kanta, aka buɗe shafi iri ɗaya. Na tsaya a bayanta na ɗora hannuna biyu a kafaɗunta don kada ta matsa. Ban tuna rabon da in taɓa ta haka ba tun yaye. Ƙasusuwan ƙanana ne, da ɗumi.

Na farko pus goma sha tara. Ta ce tana gani, amma shafin ba ya shiga duka, sai an yi ta jan shi sama da ƙasa. Na ƙarshe pus ashirin da bakwai, yawan ɗigonsa ɗaya da na tsakiya, sai dai an baza su a fili mai faɗi. Ta ce rubutun babba ne amma bakinsa na da gashi-gashi. Mai butik ya ce ta yi gaskiya, daga kusa haka yake. Na tsakiyar pus ashirin da huɗu ne, ɗigo dubu ɗaya da ɗari tara da ashirin a kwance, dubu da tamanin a tsaye. Na haddace su kamar lambar gida. Ta karanta layi uku ba tangarɗa, kanta a tsaye, idon ne kawai ke tafiya.

"Wannan," in ji ta.

Sai a layi na huɗu na ji kafaɗun sun ja gaba a ƙarƙashin hannuna. Kaɗan ne, ba wanda ya lura. Na danne ta, ta dawo. Ko sabo ne, ko kuwa idon ne ke nema? Ban sani ba. Duk sanyin da na tara tun daga gidan likita ya zube a wurin. Muka dawo Dakoro da kwali a kan cinyar maigida yana ta raha da direba, ni ina jin wannan ɗan jan a tafin hannuna har gida.

Ƙaton aka mayar da shi zaure, inda maigida ke zama da baƙinsa, ya ce dama can nan ya fi dacewa da shi. Washegari da kansa ya ɗauko zarto ya rage ƙafafun tebur, ya juya shi ya bar kallon taga. Ya sa yarinyar ta zauna, ya auna da hannunta, ya sake aunawa. Ya ce, "In rubutu ya yi maki ƙanƙanta ki taɓa duk abin da za ki taɓa. In ya lalace a gyara." Ya faɗi haka yana kallon zarton.

Da ta dawo daga lakwal da yamma ta shiga salo. Na kasa bin ta. Na kasa zama a bakin ƙofata ma, ya yi kusa. Na je can ƙarshen tsakar gida wajen murhu, inda in labule na ɗage ana hango kujerar, na ɗauki tsintsiya ina sharar inda na riga na share. Inna na zaune a tabarmarta, ta juyo da kunne wajena.

"Ta zauna?"

"Ta zauna."

"Yaya bayanta?"

"A jingine."

"To."

Tantabaru na kuka a kan katanga. Ina ƙirga numfashina ina salati, ina jiran wuyan nan ya miƙe. Can sai ta sunkuyo gaba. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Inna ta ce, "Mi ne ne?" Ashe bik ɗin rubutunta ne ya gangara, ta ɗauko shi ta koma ta jingina, ta rubuta wani abu a kaye.

Na ce, "Ba komi, Inna."

Ta ci gaba da karatu, leɓɓanta na motsi. Rana ta sauko daga kan bango zuwa bakin randa. Ban ga ta kai hannu fuska ba, amma daga inda nake ba zan iya rantsewa idon a bushe yake ba, kuma ƙafata ta ƙi matsawa. Sai ta ɗaga kai daga ekaran, ta nemi abu mai nisa ta ƙofa, ta same ni tsaye a ƙarshen gida hannu biyu a ƙirji. Na rasa inda zan sa idona. Ta kalle ni ta daɗe, ba ta kanne ko ɗaya ba. Sannan ta tuntsire da dariya ta ɗaga murya:

"Mama, a baibai kika ɗaura ɗankwalinki. Daga nan nake ganin bakin ɗinkin, har da zaren da ya zazzago."